Taka, Riƙe, Saki

Duk wanda ya ce maka tsohuwar motar Jamus ba ta da amana, ka tambaye shi yaushe rabon da ya buɗe bonet ɗinta da hannunsa. Tawa shekararta talatin da ɗaya a duniya, ashirin da uku a hannuna, kuma sau ɗaya tak ta taɓa zubar da ni a hanya. Shi ma laifina ne. Na ga tiyon ruwa ya fara kumbura na ce sai mako mai zuwa, ita kuwa ba ta san wani mako mai zuwa ba. Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, ita ta raɗa mata suna Gwaggo, wai don ba ta son a yi mata gaggawa da safe, ba ta yafe sakaci, kuma sai ta ga bayanmu duka. A lokacin dariya muke yi. Yanzu shekara biyu ke nan da ta ga bayan mutum ɗaya.

Ni ba makanike ba ne. Gyaran sikeli na yi shekara talatin da huɗu, tun daga ɗan mitsitsin na masu zinariya har wanda ake ɗora babbar mota a kai, shi ya sa har yau unguwa ke kirana Mai Sikeli ko da yake na daɗe da ajiye aiki. Sana'ar ta bar mini hali ɗaya: abu ko daidai yake ko ba daidai ba, ni ban san "ya yi kusa" ba. Da wannan halin nake riƙe da Gwaggo. Ina da rumfar kwano a gefen gida, da benci, da allo a bango wanda na zana siffar kowace sifana a kai, yadda ko lamba goma ce ta ɓata zan gani tun daga bakin ƙofa. Kowace Asabar da safe nan nake. In juye baƙin mai idan lokacinsa ya yi, in canza filta, in goge filogi, in danna fambel da babban yatsa in ji ko ya saki. Waɗannan motoci ƙarfensu ba ya mutuwa, roba ce ke cin amanarsu, don haka duk wani tiyo da ke jikinta na san shi kamar jijiyar bayan hannuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk wannan mutum ɗaya yana yi. Na taɓa sauke lagireto ni kaɗai, na mayar ni kaɗai, ban nemi ko mai miƙo mini tsumma ba. Aiki ɗaya ne rak ya fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ne canza man birki.

Bari in yi maka bayani, don in ba ka gane wannan ba, ba za ka gane sauran ba. Man birki yana shan danshi, duk shekara biyu sai an fitar da tsohon an zuba sabo, kuma ko ƙwayar iska ɗaya ba a so ta maƙale a bututun. A bayan kowace taya akwai wani ɗan noti mai huda. Mutum ɗaya zai kwanta a ƙasa da sifana da kwalba, ɗaya kuma ya zauna a kujerar direba. Na ƙasa ya ce "taka", na sama ya taka birki. Ya ce "riƙe", ya riƙe. Na ƙasa ya buɗe noti, tsohon mai ya tsarto cikin kwalba, ya rufe, sannan ya ce "saki". In na sama ya ɗaga ƙafa kafin a rufe notin, iska ta koma ciki, aiki ya dawo sabo. Taya huɗu, kowace sau goma ko fiye. Ba ƙarfi yake so ba, ba ilimi ba. Mutum kawai yake so wanda zai zauna ya saurare ka.

Shekara ashirin da ɗaya mai ɗakina ce a wannan kujera. Ba ta taɓa tuƙi ba, ko giya ɗaya ba ta san inda take ba, amma ƙafar birki irin tata ban taɓa gani ba. Gajera ce, sai ta ja kujerar gaba har ƙarshe, ta cusa wani koren matashi a bayanta, ta tuɓe takalmi, ta ɗora saƙarta a cinya.

"Taka."

"Na taka."

"Riƙe."

"Ina riƙe. Ka ji matar Tela ta koma wajen 'yarta?"

"Saki."

Haka muke yi. Kuma duk maganar da ta yi mana nauyi a falo, a nan take fitowa, ni ina kallon cikin mota, ita tana kallon bangon rumfa. A nan ta gaya mini babbar 'yarmu za ta bi mijinta ƙetare. A nan na ba ta haƙuri kan wani abu da na yi wa ƙaninta, wanda da a tsaye nake ido da ido, wallahi da bakina bai buɗu ba. A nan kuma, karo na ƙarshe, tsakanin tayar baya ta hagu da ta gaba ta dama, ta ce likita ya ga wani abu a hoton da aka ɗauka. Na ce "riƙe", ta riƙe, na daɗe a kwance ban buɗe notin ba. Da muka gama, hannuna duk mai, ita ta rubuta kwanan wata a ɗan farin salatif ta manna a cikin bonet kamar yadda ta saba. Wata uku bayan nan muka kai ta makwancinta.

Salatif ɗin yana nan. Kowace Asabar in na ɗaga bonet sai na ga rubutunta, da bakwai ɗinta mai ɗan wutsiya. Watan jiya na lissafa na ga shekara biyu ta cika har da ɗoriya, birkin ma ya fara laushi, sai na taka ya nutse kaɗan kafin ya kama.

'Ya'yana uku. Mata biyu suna ƙetare da mazajensu, sai dai in gan su a gilashin waya. Na ukun shi ne Auta, likitan haƙori ne a wani gari mai tafiyar awa shida. Tun da aka tashi daga zaman makokin uwarsa bai sake tako gidan nan ba. Ba faɗa muka yi ba, kar ka ɗauka haka. Yana kira kowace Lahadi, minti huɗu, wani lokaci biyar. Ya tambayi hawan jinina, in ce lafiya. Ya tambayi ko ina cin abinci, in ce ina ci. In tambayi matarsa da 'yar jikata, ya ce suna gaishe ni. Sai mu tsaya muna jin numfashin juna har ɗayanmu ya ce to. Da uwarsa yake hira, ni a gefe nake tsintar labarinsa, da ta tafi sai muka tarar ba mu san hanyar gidan juna ba. Ina kewarsa ƙwarai, kewa irin wadda take hana abinci wucewa. Amma in ce masa "zo in gan ka"? Harshena bai taɓa koyon wannan ba.

Sai ga birki ya yi laushi. Ranar da na ji ya nutse a ƙarƙashin ƙafata, Allah ya gani, murna na yi.

Lahadi ya kira. Bayan hawan jini da abinci na ce, "Birkin Gwaggo ya yi laushi. Mansa ya isa canji."

"Ka kai wa makanike mana, Baba."

"Makanike? Wanda zai zuba mini man da ya ga dama, ya murɗe noti har ya karye a ciki, ya ce dama a ruɓe yake? Shekara ashirin da uku ba wanda ya taɓa birkin motar nan sai ni." Sannan na ce a hankali, "Aikin mutum biyu ne, ka sani."

Ina jin ƙarar cokali a wani kofi can wajensa.

"To, Baba. Bari in ga abin da zan iya yi. Kar ka hau ta dai. Zuwa Asabar, in Allah ya yarda."

Zuwa Asabar. Na ajiye wayar a kan tebur na zauna ina kallonta.

Litinin na tafi a ƙafa wajen mai kayan gyara, wanda kowa ke kira Ba-Ragi. Na sayi man birki gwangwani biyu, na duba hatimin kowane, na karanta kwanan watan da ke gindinsu. Ba-Ragi ya leƙo ta saman tabaraunsa ya ce, "Mai Sikeli, wa zai taka maka?" Na ce ɗana zai zo. Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda shagon ke buƙata, har wani mai sayen batir ya waiwayo.

Talata na buɗe ɗakin Auta. Ƙura ta yi kauri a kan teburinsa har kana iya rubutu a kai. Na fitar da katifa rana, na wanke labule, na canza ƙwan fitila. Laraba na gyara famfon banɗakin da ya shekara yana ɗiga, don ni kaɗai ban ga dalilin gyara shi ba. Alhamis na sauko da kofuna daga saman kabad. Shekara biyu kofi ɗaya nake wankewa, faranti ɗaya, cokali ɗaya.

Maƙwabcina Tela, wanda shagonsa ke manne da katangata, ya ga katifa a rana ya leƙo. Da na gaya masa batun birki sai ya ce, "Haba, don wannan? Ni da na wuni ina taka keken ɗinki, birki ne zai gagare ni? Mu je yanzu in taka maka, ka hutar da yaro tafiyar awa shida."

Na ce, "Kai kunnenka ɗaya ya mutu, sai in ce riƙe ka ji saki."

"Kunnena ya ji ka sarai."

"Gwiwarka kuma fa?"

Ya dube ni ya yi 'yar dariya, ya cire zaren da ke bakinsa. "Kai dai ba ƙafa kake nema ba, Mai Sikeli." Na ce ya je ya ji da wandon mutane da ya riƙe tun wancan wata. Ya tafi yana dariya, ni kuma haushi ya kama ni don gaskiya ya faɗa.

Asabar tun da sassafe na ɗaga Gwaggo da jak, na tokare ta a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, na cire tayoyin na jingine su a bango. Na fesa wa kowane noti man sassauta tsatsa. Na shimfiɗa kwali a ƙasa, na jera sifana da kwalba da siririn tiyo. Na lissafa: in ya taso da asuba, kafin azahar yana nan. Har abin da zan faɗa na tsara. A tayar farko ba zan ce komai ba, aiki kawai. A ta biyu in tambaye shi asibiti. A ta uku, in abin ya yi daɗi, in gaya masa yadda uwarsa ta yi kwanakinta na ƙarshe, abin da ta ce a kansa, don bai iso ba sai da ta daina magana. A ta huɗu ban san me zan ce ba, na bar wa Allah.

Wajen sha ɗaya aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na tashi da sauri har gwiwata ta yi ƙara. Da na buɗe sai na ga wani mutum mai furfura a gemu, da hular kwano, babur ɗinsa na ruri a bayansa, yana rungume da kwali.

"Nan ne gidan Mai Sikeli? Saƙo ne. Sa hannu a nan."

Na leƙa bayansa, na dubi titi hagu da dama. Babu kowa sai wata mata da ke shanya a benen da ke ƙetaren titi. Na sa hannu.

A kan benci na buɗe kwalin. Wata farar jarka ce ta roba mai kauri, da famfon hannu a kanta, da agogon awo, da dogon tiyo mai murfi a ƙarshe. Ga ɗan littafi mai hotuna. Ina cikin juya shi waya ta yi ƙara, saƙo daga Auta: "Baba, ya iso? Da wannan mutum ɗaya yana canza man birki, ba sai ka jira kowa ba. Na tabbatar murfin na irin motarka ne."

Na karanta sau uku. Ba sai ka jira kowa ba.

Ban san tsawon zaman da na yi a kan taya ba. Da farko ba fushi na ji ba, kunya na ji, irin ta wanda ya yi kwalliya ya fito ya tarar ba shi ake jira ba. Na tuna katifa, na tuna kofuna, na tuna muryata a shagon Ba-Ragi. Daga baya fushin ya zo, shi kuwa na san yadda ake yi da shi. Na ce wannan abin roba, bari in gwada shi in nuna shirme ne, in kira yaron in gaya masa ya yi asarar aike. Akwai aikin da jarka ba ta yi.

Na zuba sabon mai a ciki. Na ɗaura murfin a kan tukunyar man birki, ya zauna daram, ko ɗigo babu. Na buga famfo har allurar agogon ta kai inda littafin ya ce, na tsaya ina jira ta faɗo. Ba ta motsa ba. Shekara talatin da huɗu ina kallon allurai, na san mai ƙarya na san mai gaskiya, wannan mai gaskiya ce. Na kwanta a kan kwali wajen tayar baya ta dama, na sa tiyo, na kama notin da sifana.

"Taka," na ce.

Wallahi ban san na faɗa ba sai da na ji muryata ta bugi kwano ta dawo. Na buɗe notin. Tsohon mai ya fara gangarowa cikin kwalba da kansa, a hankali, ba tsartuwa ba tsayawa, baƙi-baƙi kamar shayin da ya kwana. Ina kallonsa sai abin ya faɗo mini: wannan man mai ɗakina ce ta tura shi cikin bututun nan da ƙafarta, ranar da ta gaya mini maganar likita. Shekara biyu ina yawo da shi a ƙarƙashina. Ga shi yana fita, ni da hannuna na buɗe masa, jarkar roba tana turo shi. Na yi kuka a ƙarƙashin motar nan yadda ban yi ba ranar da aka ɗauke ta. Ba mai ganina sai cikin mota, kuma aikin bai tsaya ba, don ba ya buƙatar in ce komai.

Minti arba'in na gama taya huɗu. Aikin da muke kai wa azahar. Na mayar da tayoyi, na sauke ta, na shiga na taka birki. Ya kama tun daga sama, tauri kamar ka taka dakali. Ko a hannun mai ɗakina bai taɓa yin kyau haka ba, kuma ban taɓa jin haushin aiki mai kyau irin na ranar ba. Na rufe kwalbar tsohon man na ɗora a saman shiryayye. Na yanko salatif zan rubuta kwanan wata, na tsaya, na manna nawa a ƙasan nata ban cire shi ba.

Na yi tunanin in yi wa Auta ƙarya, in ce murfin yana yoyo. Har na ɗauki wuƙa na dubi robar da ke cikin murfin. Amma ni ban taɓa yi wa kayan aiki ƙazafi ba, ba zan fara da tsufana ba. Bayan la'asar na kira shi. Wannan ne karo na farko cikin shekara biyu da ni na kira.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya. Abin naka ya yi aiki."

"Madalla." Na ji daɗi a muryarsa, daɗi na gaske. "Na daɗe ina bincike kafin in zaɓa. Na san ba ka son abu sai mai kyau."

"Yana da kyau." Na share maƙogwaro. "Sai dai akwai kuloci. Shi ma da mai yake aiki, shi ma yana son a cire masa iska. Wannan kam sai da ƙafa."

"Yana yin kuloci ma, Baba. Duba shafi na huɗu."

Littafin yana kan benci a gabana. Na buɗe shafi na huɗu. Ga hoton nan, har da kibiya. Na duba rumfar nan kaf, daga allon sifana har tayar safaya, ban ga sauran abin da zan ɓuya a bayansa ba.

"Auta," na ce, "ni ba jarka na nema ba. Tela ma ya ce zai taka mini na kore shi. Kai nake so ka zo ka zauna a kujerar nan. Na share ɗakinka. Shekara biyu ban ga fuskarka ba sai a waya, gidan nan ya yi mini girma, ni kaɗai nake magana a cikinsa."

Na duba ko layin ya yanke. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Baba, ai kai ka ce in sauka."

"Ka sauka daga ina?"

"Daga kujerar. Shekarar da na dawo hutun farko daga jami'a, Mama tana zazzaɓi, ka ce in zauna a madadinta. Na ɗaga ƙafa kafin ka ce saki. Ka fito daga ƙasan mota ka ce, 'Sauka. Aikin da uwarka ke yi tana saƙa ya gagare ka. Wanda bai iya riƙe birki ba, ban san me zai iya riƙewa a duniya ba.' Ka sa aka taso ta da zazzaɓinta ta ƙarasa."

Na buɗe baki zan ce ban yi ba, sai ranar ta dawo mini gaba ɗaya. Iska ta shiga a tayar ƙarshe, aikin awa biyu ya lalace. Na tuna mai ɗakina ta fito lulluɓe da bargo, ba ta ce mini uffan ba har muka gama, ko "na taka" ba ta ce ba. Na tuna dogon yaro tsaye a bakin rumfa, hannuwansa a aljihu. Ni a wajena faɗan Asabar ne, kafin magariba na manta. Ashe tun daga ranar bai sake taɓa ko marfin motar ba, ni kuma na ɗauka ƙarfe ne ba ya so. Magana zarar bunu.

"Shekara goma sha bakwai ke nan," na ce.

"Na sani. Ba riƙe ka na yi ba, Baba." Ya ja numfashi. "Da ka ce aikin mutum biyu ne, na kwana ina tunani. Na ce in na zo na sake ɗaga ƙafa fa? Yanzu babu Mama da za a taso."

Mutum mai shekara talatin da shida, wanda ke sa ƙarfe a bakin mutane kullum hannunsa ba ya rawa, yana tsoron birkin Gwaggo. Ni na sa masa wannan, da bakina, a kan ƙwayar iska.

"Na yi kuskure," na ce. A tsaye nake, ba a ƙarƙashin mota ba, kuma maganar ta fita. "Iska ce kawai, da mun sake ta fita. Ni na ce ka sauka. To, ka zo ka hau. In ka ɗaga ƙafa sau goma, sau goma za mu sake."

Can na ji muryar mace tana kiransa, da kukan yarinya.

"Baba, zan duba yadda aiki yake. Ban yi alkawari ba."

"Kulocin zai jira."

"To."

"To."

Na mayar da jarkar cikin kwalinta, na naɗe tiyon yadda ya zo, na ɗora a saman shiryayye kusa da kwalbar. Kayan aiki ne mai kyau, duk wanda ya tambaye ni zan gaya masa haka. Gwangwani na biyu na man birki ban fasa hatiminsa ba. Sannan na buɗe ƙofar direba. Koren matashin yana kujerar baya inda mai ɗakina ta bar shi, na ɗauke shi na kai ɗaki. Na kama ƙarfen da ke ƙasan kujerar direba na tura ta baya, ta wuce inda nake zama, har ta buga ƙarshe, don Auta dogo ne, da gwiwa yake tokare sitiyari.

A haka ƙafata ba ta kai birki, don haka kasuwa da ƙafa nake zuwa. Tela yana ganina da jaka a hannu ina wuce mota mai lafiya, sai ya ci gaba da ɗinkinsa. Kowace safiya ina tayar da ita ta ɗumama, in zauna can nesa da sitiyari kamar yaro a kujerar babansa, in kashe. Lahadi Auta yana kira, yanzu muna kai minti goma, wancan makon har ya tambaye ni lambar sifanar notin kuloci. Asabar uku ke nan. Ban matsar da kujerar ba.